Kwamitin Tsakar Gida

Ni fa na taɓa fitowa a wasan talabijin, kuma ni ce babbar 'yar wasa, ba 'yar rakiya ba. In na faɗi haka a ofis sai abokan aikina su yi murmushin nan na "to, mun ji", kowa ya koma kan kwamfutarsa. Ban ga laifinsu ba. Babu tashar da ta taɓa haska shirin, kuma yau duk faɗin Abuja ba wanda zai ɗauko maka kaset ɗinsa. Amma an yi shi, kuma wallahi na iya. In yabon kai ne ma na yarda, a rubuta mini.

Lokacin ina ajin ƙarshe-ƙarshe na firamare, muna zaune a wani gidan haya a bayan kasuwar Gudu. Babanmu ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ya fita da sassafe ya dawo da yamma da labarin oga. Gidan namu kowane yare akwai, Hausa ce ke haɗa mu, irin ta Abuja da kowa ke murɗa ta yadda bakinsa ya ga dama. A tsakar gidan nan na koyi surutu, kuma na koye shi da kyau.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da nake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ne sunana, in abin ya yi zafi "ke yarinyar nan", in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". Ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta zama kusa da ni a taro, ba ta tsayawa ta ƙura mini ido. Alkunya ce, haka ta taras ana yi wa ɗan fari a garinsu. Ƙannena kuwa, tabɗi! Ƙanena zai zo na kusa da ƙarshe a aji, ta shafa kansa ta ce ai ya yi ƙoƙari. Ni in zo ta ɗaya, ta karɓi takardar ta ajiye a kan kwabet, ta ce, "Ke, je ki ɗebo ruwa."

Babanmu ya sha yi mini bayani cewa al'ada ce, ba ƙiyayya ba ce. Na ji da kunnena, amma zuciyata ba ta ji ba. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, in yi wani abu har Inna ta ɗaga kai ta kalle ni.

Wata rana wani mutum ya zo makarantarmu, dogo siriri, sanye da wata riga mai aljihu ko'ina. Ya ce yana neman yara masu baki da suka iya Hausa, zai yi shirin ban dariya na yara. Malamarmu ko juyowa ba ta yi daga allo ba, ta nuna ni da alli ta ce, "In dai surutu ne, ga ta nan." Mutumin, wanda daga ranar muke kira Darakta, ya ce in kwaikwayi wani babba da na sani. Ni kuwa na taɓa raka Babanmu ofis, na ga wata mata a bakin ƙofar oga, tabarau a kan tsinin hanci. Sai na tura hancina sama, na kalli Darakta daga ƙasa zuwa sama, na ce, "Oga ba ya nan. A dawo gobe." Ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

Sunan shirin Kwamitin Tsakar Gida. Yaran wani gidan haya ne da iyayensu ke aikin gwamnati, su ma suka buɗe ofis a tsakar gida, duk abin da ya faru sai sun zauna taro a kansa. Ni ce Madam Shugaba. Akwai wani yaro lukuti, shi ne Sakatare, aikinsa barci. Akwai wata yarinya Ma'aji mai riƙe da gwangwanin gyaɗa. Sai wata 'yar mitsitsiya da ke kawo ƙara. Darakta ya ce kashi ɗaya za mu fara yi na gwaji, a kai wa wata tasha da wani kamfani da zai ɗauki nauyi. In sun so, shi ke nan, duk Asabar sai ƙasa ta kalle mu.

Babanmu ya yi murna kamar shi aka ɗauka. Amma Darakta yana da sharaɗi, kowane yaro ya zo da uwa ko uba. Lokacin hutun makaranta ne, ranakun aiki, Babanmu ba shi da halin barin ofis. Inna ta yi ta zille-zille, ta ce a roƙi maƙwabciyarmu ta raka ni. Babanmu ya ce a'a, ita za ta je. Ba ta yi musu ba. Ta yafa mayafinta, ta ɗauki ledar ɗinkin hularta. Inna gwana ce a ɗinkin hula, har daga wasu unguwanni ake kawo mata, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ta warware zare ba.

A cikin bas ma ba ma zama tare. Ita a gaba, ni a baya. Wata rana kwandasta ya ce mata, "Hajiya, 'yarki ce waccan?" Ta ce, "Ta gidanmu ce." Na ji kamar in buɗe taga in dira.

Situdiyon yana Utako, a saman wani bene kusa da tashoshin mota. An manna kwalayen ƙwai a bango wai don kada hayaniya ta shigo, amma ina! Muna tsakiyar magana sai ka ji ɗan kamasho daga ƙasa yana kwarara kiran Kaduna, Darakta ya dafe kai ya ce a sake. An yi bangon katako an shafa masa fenti kamar gidan haya, ga turmi, ga igiyar shanya da tsummokara, ga teburin Madam a tsakiya. Fitilu kuwa zafinsu kamar kana tsaye a gaban murhu. Tun daga gwaji Darakta yake kunna kyamara, don mu saba da ita mu daina leƙa cikinta kamar rijiya.

An ajiye wa iyaye dogon benci a jikin bango, daidai inda za su gan mu sosai. Duk suka jeru a kai. Ban da Inna. Ita sai ta ja wata 'yar kujera ta tafi can lungu, bayan teburin Darakta, inda aka jibge wayoyi da batura da wata 'yar ƙaramar talabijin da yake leƙawa jefi-jefi. Ta juya mana baya, ta ja mayafi ya rufe gefen fuskarta, ta fito da hula da allura. Kullum muka je nan ne wurinta. Ni kuwa daga teburin Madam ina hango ƙeyarta, ina ɗaga murya fiye da yadda aka ce, ko za ta waiwayo. Darakta ya ɗauka ƙwazo ne.

Bari in ba ku labarin kashin da muka yi, tunda ba za ku gan shi ba.

Zan shigo da tabarau marar gilashi da jakar hannu da ta fi ni girma, in buga tebur da ludayi in ce, "An buɗe taro! Wanda bai zo ba ya ɗaga hannu." In duba dama, in duba hagu. "Madalla, kowa ya zo." Sai 'yar mitsitsiyar nan ta shigo tana shessheƙa.

"Madam, kazata ta ɓata."

"Kin rubuto a takarda?"

"Ban iya rubutu ba."

"To kazarki ba ta ɓata ba tukuna."

Ta ƙara fashewa da kuka, ni kuma in gyara tabarau in buga ludayi in ce, "To, a kafa kwamiti!" Abu na farko da kwamitin ya yi shi ne raba gyaɗar Ma'aji, alawus na zama. Na biyu, ya kafa ƙaramin kwamiti da zai binciko launin kazar. Na uku, aka tashi Sakatare daga barci ya karanta abin da aka tattauna, ya buɗe littafi ya ce shi dai ya rubuta "gyaɗa". Duk wannan abin da ake yi, kazar tana ƙarƙashin teburin Madam a kwance. A ƙarshe ta fito, ga ƙwai ta saka. Sai in miƙe in ce, "Kwamiti ya yi nasara. Kaza ta mai ita ce, ƙwai kuma na ofis ne."

Ranar ɗauka ta gaske, kazar da aka sayo a kasuwar Utako ta ce ba ta san wannan tsarin ba. Tun ba a zo wurinta ba ta kuɓuce daga ƙarƙashin tebur, ta yi fiffike ta dira a gabana, ta watsar da gyaɗa, ta kaɗe mini tabarau ya rataye a kunne ɗaya. Ma'aji ta ƙwalla ƙara. Sakatare ya farka da gaske. Ni kuwa ban san daga inda abin ya zo mini ba, ban yi dariya ba, ban kalli Darakta ba. Na mayar da tabarau kan hanci, na nuna kazar da ludayi na ce, "Wa ya ba ki izinin shiga ofis? Fita ki bi layi!" Mai kyamara ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Darakta ya yi ta juya hannu alamar mu ci gaba, muka ci gaba har ƙarshe, ba a yanke ba. Ko yanzu in na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Yarinya ƙarama, ba a rubuta mata ba, ta yi wa kaza hukunci nan take!

Da aka ce an gama, benci ya ɗauki tafi. Uwar Ma'aji, wata 'yar gayu da ke aiki a ma'aikata, ta rungume 'yarta ta sumbace ta a goshi, ta juyo ta rungume ni ni ma, tana cewa, "Ina maman wannan? Ina take?" Darakta da kansa ya taka har lungu, ya rusuna ya ce, "Hajiya, Allah ya ba ki 'ya. Wannan yarinya za ta yi nisa." Na tsaya ina jira. Inna ba ta ɗago ba. Ta ja zare ta ce, "Waccan mai kazar ta yi ƙoƙari, 'yar ƙarama da ita."

Na haɗiye kukana tun daga Utako har Gudu. Da muka isa gida, bayan la'asar, na ga ta zauna a bakin ƙofa tana warware hular nan da ta yi ta ɗinki a situdiyo, zare bayan zare. Na ce a raina, ka ji, hula ma ta fi ni samun kulawa.

Darakta ya ce mu saurara, bayan hutu za a haska, ranar wata Asabar da yamma. Ni da bakina ba ya riƙe magana, da aka koma karatu, kafin sati ya zagayo duk makaranta ta sani. Babanmu ma ya baza a ofis. Duk Asabar sai in yi wanka in zauna gaban talabijin, yaran gidan su cika mana ɗaki, Inna kuma tana bakin ƙofa da tire tana tsintar shinkafa. A yi labarai, a yi talla, a yi wani wasan daban. Yaran suka fara raguwa, har ya zama daga ni sai ƙannena, daga baya su ma suka koma ƙwallo.

Ba a taɓa gaya mana dalili ɗaya tsayayye ba. Wasu suka ce kamfanin ne ya janye. Wasu suka ce wani babba a tashar ne ya kalla ya ɓata rai, ya ce ana koya wa yara raina ma'aikata. In haka ne, to wallahi ya gane kansa ne a ciki. A makaranta aka sa mini suna Madam A-dawo-gobe, na yi dambe a kai har aka kira Babanmu. Inna ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah ya ƙara ba. Daga nan na rufe maganar a gidanmu.

Shekaru suka tafi. Babanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na yi karatu, na yi aure, kuma abin dariya, yau ni ma a wata hukumar gwamnati nake aiki. Na zauna a kwamitoci ba iyaka, har da wanda aka kafa don duba abin da ya hana wani kwamitin zama. Wani lokaci shugaban taro yana magana sai in ji hannuna yana neman ludayi.

Ina da 'ya, ita ma 'yar fari. Ni kam sunanta nake kira da ƙarfi, in rungume ta a gaban kowa, in ta ci jarrabawa duk dangi sai sun ji a waya. Inna, wadda yanzu take zaune tare da mu, sai ta kawar da kai ta ce, "Ikon Allah, 'yan Abuja ba kunya." Amma ita da jikar tata ba a shiga tsakaninsu. Ƙawata take ce mata. Su yi faɗa a kan rimot, su shirya a kan ƙuli-ƙuli. Duk dariyar da ban taɓa gani a fuskar Inna ba, yarinyar nan ta same ta a ɓagas.

Wata rana na tarar da 'yar tawa tana kallon wani wasan yara a waya tana ƙyalƙyala dariya. Na leƙa na ce, "Wannan ne abin dariya? Ai namu ya fi wannan nesa ba kusa ba." Na ba ta labari sama-sama. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Nuna mini." Na ce babu a nan. Ta kalle ni da idon nan nata ta ce, "Mama, in da gaske ne ai da yana waya."

Kai! Maganar nan ta soke ni. 'Yan ofis su ƙi yarda, oho. Amma 'yar da na haifa? Uwata ba ta kalla ba, 'yata ba ta yarda ba, to ni wa zan kama ya yi mini shaida? Na ce wallahi sai na nemo kaset ɗin nan.

Na fara da Utako. Benen yana nan, amma saman ya koma shagon sayar da labule, mai shagon ma bai taɓa jin an yi situdiyo a wurin ba. Na bi ta kan tsofaffin 'yan makarantarmu har na samo Sakatare, wanda yanzu ya zama babban mutum da tumbi, ya rantse mini har yau yana barci a taro. Shi ya ce mini Darakta yana nan da rai, yana da ɗan shagon ɗaukar hoton fasfo kusa da tashar Jabi.

Na same shi ya tsufa, gashi duk ya yi fari, amma rigar nan mai aljihu tana nan, ko ita ko ƙanwarta. Ya ce, "Hajiya, hoto za a yi?" Na sauke tabarauna, na gaske yanzu, zuwa tsinin hanci, na buga kantarsa da makullin mota na ce, "To, a kafa kwamiti!" Ya yi tsalle kamar yaro. "Madam! La ilaha illallahu, Madam ce!" Ya kira maƙwabtansa masu shago ya ce su zo su ga yarinyar da ta kori kaza daga ofis. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da na tambayi kaset sai ya zauna a hankali, ya cire hula ya sosa kai. Kwafi biyu ne, in ji shi. Ɗaya ya kai tashar, sun sauya gini, sun sauya shugabanni, ya yi ta zarya har ya gaji. Ɗayan ya ajiye shekara da shekaru. Da harka ta tsaya sai ya koma ɗaukar biki. A lokacin kuwa haka ake yi, in kaset ya yanke sai a ɗauko tsoho a ɗora sabon aiki a kansa. Wata rana ana sauri, ya zari ɗaya daga kwali bai duba ba, ya je ya ɗauki kamun amarya. Sai da ya zo tacewa ya ga wutsiyar kazarmu ta gilma a ƙarshe, shi ke nan abin da ya rage. Shi ma kaset ɗin ya tafi gidan masu biki.

Na ce, "Haba Baba Darakta! Madam guda ka shafe saboda ɗaurin kallabin wasu?" Da ba don furfurarsa ba da ya ji sauran. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Ni ma abin yana cina. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba." Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na sassauta. Har hoton fasfo ya yi mini kyauta, wai kada in tafi hannu rabbana.

Na dawo gida wajen azahar, na tarar da 'yata da Inna a falo. Na gaya wa yarinyar gaskiya, an shafe, babu. Ta ce, "Ba komai, Mama," da muryar lallashi, irin wadda ake yi wa wanda aka kama da ƙarya ana so a rufa masa asiri. Wannan ya fi dariya ciwo. Inna tana kan darduma tana jan carbi, ba ta ko nuna ta ji ba. Na shige kicin na ɗora miya, ina yanka albasa ina huce haushina a kanta.

Can sai na ji ƙwanƙwasa daga falo. Ƙwas, ƙwas, kamar ana buga tebur da cokali. Sai wata murya, ta tsufa amma an matse ta ta hanci.

"An buɗe taro! Wanda bai zo ba ya ɗaga hannu."

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na lallaɓa na tsaya bayan labulen ƙofa, na leƙa. Inna ce. Ta sauke tabaran karatunta zuwa tsinin hanci, cokalin shayi a hannu, ta duba dama, ta duba hagu, daidai yadda nake yi. "Madalla, kowa ya zo." Ta sauya murya ta koma 'yar mitsitsiya mai kuka, "Madam, kazata ta ɓata." Ta koma Madam. Ta yi minsharin Sakatare. Ta raba gyaɗar da babu ita, ta ba jikarta kaso, ta ɗauki kaso biyu ta ce na shugaba ne. Ni kaina na manta da wannan, sai da ta yi na tuna. Da ta zo wurin kaza, ta fizge tabarau ya rataye a kunne ɗaya, ta tsaya cak, ta mayar da shi a hankali, ta nuna filon kujera da cokali.

"Wa ya ba ki izinin shiga ofis? Fita ki bi layi!"

'Yata tana birgima a ƙasa, tana riƙe ciki. Inna ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba har zuwa ƙwan ofis. Da yarinyar ta samu numfashi sai ta ce, "Kaka, a ina kika gani? Mama ta ce ba a nuna ba."

"Ni dai a talabijin na gani," in ji Inna.

"Wace tasha?"

"Tashar lungu, ƙawata. Wata 'yar ƙarama ce a bayan teburin mutumin, duk abin da suke yi yana fitowa a ciki. Tun ranar farko na hango ta, na ja kujerata can." Ta gyara mayafi. "A garinmu ba a zama a ƙura wa ɗan fari ido. Amma ban ji wanda ya hana kallon talabijin ba. Hular mutane ma na ɓata a wurin, allura tana tafiya ido yana wani waje, sai da na warware ta kaf."

"To Kaka, Mama ta iya?"

Inna ta juya cokalin a hannunta. Ni kuwa na ƙara matsowa jikin labule. Sai ta sunkuya wajen kunnen jikarta, amma Inna kunnenta ya yi nauyi yanzu, raɗarta ma ana ji daga waje.

"Waccan? Duk cikinsu babu kamarta. Ni da na ga kazar ta tashi, na ce shi ke nan za ta yi kuka. Sai na ji ta ce a bi layi. Na cusa mayafi a baki don kada a ji dariyata."

Ban san labulen ya motsa ba. Ta ɗago, muka haɗa ido, ni da hawaye shaɓe-shaɓe da wuƙa a hannu. Ba ta kawar da kai nan da nan ba, ta ɗan jima tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta tura shi ya koma wurinsa, ta ɗauki carbinta.

"Ke, tsayuwar me kike yi? Miyarki tana kamawa."

Da gaske kuwa ta kama, har ƙauri ya cika kicin. Na sauke tukunyar ina dariya ina share fuska da bakin zane. Daga falo na ji 'yata tana cewa, "Kaka, sake! Daga farko!" Sai na ji cokali ya bugi tebur.